Mai Riƙon Igiya Ba Ya Gardama

Gardamar ta soma ne a bayan kamiyo, babbar motar kaya, mun wuce Baleyara kaɗan, muna zaune kan buhunan gero, akuyar wani Bazabarme tana taunar gefen rigata. Mu biyu muka fito daga garinmu, ni Arzika da taubashina Kailu, ɗan ƙanwar babana. Lokacin Faransa tana nan tukuna, amma an daina kamun aikin dole, saboda haka samarin ƙasarmu ta Kurfai sun sami ƙafa. Da an zuba gero a rumbu sai kowa ya nufi Kurmi, ƙasar Kumasi, ya ci rani ya komo da adakar tsaraba a kai. Kailu adakar ya fito nema. Ni kuwa aiko ni aka yi, kuma aiken ya fi ƙarfina.

Garinmu yana kan tudu ne tsakanin Filinge da Tondikandiya, rijiyarmu ɗaya tak, mai zurfin gaske. Kakanmu ya haƙa ta, babanmu ya riƙa gyaranta har Allah ya karɓi abinsa. Damina biyu bayan rasuwarsa itacen da aka ɗaure cikinta da shi ya ruɓe, gefe ya soma zubewa, guga ya koma fitowa da laka. Mata suka shiga gangara kwari neman ruwa, su tafi da safe su dawo rana ta take. Dattawa suka ce in bazara ta riske mu a haka, kowa ya kwashe iyalinsa ya nemi inda zai zauna. Inna ta ce ita ko gari ya watse ba ta barin inda aka rufe mijinta. Mutum ɗaya ne ya koyi shiga rijiya a hannun Baba, wato wana Nomau, wanda ya tafi Kurmi cin rani guda, ranin ya zama shekaru, ko saƙo babu. Shi aka ce in je in kawo.

Za a ce me ya hana ni in shiga da kaina. A gidanmu aikin rijiya na mutum biyu ne, mai shiga da mai riƙon igiya, kuma sai jini ɗaya. Na sama ba ya magana, ba ya amsa sallama, ba ya waiwaye, domin ta igiya na ƙasa ke gaya masa abin da yake ciki, in hankalinsa ya tafi wani wuri rai ya tafi. Baba ya gwada ni sau ɗaya ina saurayi. Igiya na hannuna wani ya wuce yana cewa jakinsa ya fi na kowa a garin, na ce ƙarya yake. Baba ya karɓe igiyarsa ya ce bakina ya fi hannuna ƙarfi, in tafi gona. Ban musa ba, kuma ina jin wannan ne kaɗai abin da ban taɓa musawa ba a rayuwata.

To, Kailu bai taɓa hawa mota ba sai ran nan. Iska na dukansa, itatuwa na gudu baya, daɗi ya kama shi, sai ya ɗaga murya.

"Aradu, wanda yaƙ ƙera mota, tun da anka yi duniya ba a yi mutun kama tai ba!"

Akwai wani malami tsoho a kusurwa, yana rungume da gafakarsa. Ya ce, "Kai yaro, iya bakinka. Shugaban halitta, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ba a aza shi bisa ma'auni, haka sauran annabawa. Ku hid da su gehe, da sahabbai da waliyyai, sa'an nan ku yi haukarku da wanda yar rage."

Kailu ya ce ya tuba, amma cikin waɗanda suka rage mai motarsa ne gaba. Abin nema ya samu. Na gyara zama na ce, "Ƙarya kake, taubashi. Wanda yas soma ginar rijiya shi na gaba da kowa. Motarka ma in ba a ɗura mata ruwa ba tsaye take."

Kafin mu shiga Yamai motar ta rabu biyu. Mai akuya ya ce wanda ya fara gano gishiri, wani ya ce wanda ya fara ɗinka wando, don ba domin shi ba da duk cikinmu ba mai iya tsayuwa ya yi gardama. Malamin da ya ce hauka muke, da muka sauka sai da ya ja ni gefe ya raɗa mini cewa shi a ganinsa wanda ya fara dafa tawada ne.

A Yamai na fara ganin kogi. Na tsaya baki buɗe, ruwa kwance yana tafiya ba mai ja, ba mai tsaro, jakuna suna fitsari a bakinsa. Raina ya ɓaci don na tuna matan garinmu. Kailu ya dafa ni ya ce, "Je ka gaya ma mutanen ga labarin mutuminka mai rami." Na yi kamar ban ji ba. Jirgi ya ƙetare da mu, muka sami wata kamiyo mai zuwa Bawku, bakin iyakar Ingilishi, muka biya muka hau.

A ƙasar Gurma, mun wuce garin Fada, motar ta mutu a wani hawa. Direba ya leƙo ya ce masu ƙarfi su sauka su tura. Tsofaffin 'yan Kurmi ba wanda ya motsa, mu ba mu lura ba. Kailu ya riga kowa dira, yana murna zai taɓa mota da hannunsa, ni na bi shi, da wasu baƙin hanya biyu. Muka tura, muka tura, ta yi tari ta tashi, ta watsa mana hayaƙi a fuska. Muka tsaya muna jiran ta tsaya. Har yau ba ta tsaya ba. Ta tafi da tabarmarmu da garin geron da Inna ta yi mana guzuri, ashe a gaba direban yana da waɗanda zai cike gurbinmu da su.

Na ce, "Kailu, ga jikan mutuminka can ya tahi da guzurinmu."

Yana haki, yana kallon ƙura, ya ce, "Wanga laihin ɗan Adam na, ba na mota ba. Amma ka ga yadda tah haye tudun nan? Ka ga gudu?"

Na so in shaƙe shi, dariya ta hana ni. Baƙin biyu suka koma Fada, mu muka miƙa gaba a ƙasa, don ni ba ni da ranakun komawa baya. Dariyar ba ta daɗe ba. Gorar ruwanmu ta ƙare, rana ta buɗe, harshe ya manne, Kailu da kansa ya daina magana. Sai da yamma muka hango wata bishiya da mata a ƙarƙashinta, da baƙin itace kwance a ƙasa wanda igiya ta sassaƙe. Ko daga nesa na san bakin rijiya. Wata tsohuwa mai lofe a baki ta dube mu, ba ta jin Hausa, ba ma jin Gurmanci. Ta ja ruwa, ta ba mu kaɗan, ta janye ƙwaryar, ta jira, ta ƙara mana, sa'an nan ta dama garin dawa ta miƙo. Na sha na ji raina ya dawo. Na dubi Kailu, na nuna masa rijiyar da leɓe.

Ya goge baki ya ce, "Da mota ta tsaya da ba mu ji ƙishirwa ba."

A bakin rijiyar nan muka gamu da Buba, wani Bafillace mai kora shanun fatauci zuwa kudu. Yaransa biyu sun gudu, yana neman masu tare masa gefe. Ya ce mu bi shi, abincinmu nono, don yana da nagge ɗaya mai shayarwa da ya riƙe saboda hanya. Da muka gaya masa abin da ke tsakaninmu sai ya yi murmushi irin na wanda yara suka kawo wa ƙara.

"Ku Haɓe dai kuna da neman magana. Babba shi ne wanda ya fara durƙusawa ƙarƙashin nagge ya tatsa, bai ji tsoron shuri ba. Rijiya don nagge aka yi ta. Mota kuwa tsoratar da shanu kawai ta iya."

Muka yi ta tafiya bayan shanu, ƙafafunmu suka tsage, ƙaya ta gama da takalmana. A iyaka 'yan duwan, masu karɓar kuɗin fito, suka ƙirga shanu suka duba takardar Buba, mu ko kallo ba mu ishe su ba, muka wuce a matsayin yaransa. Ban manta wannan alheri ba. Da muka rabu a Tamale ya cika mana gora da kindirmo, ya ce in mun sami wanda ya fi mai tatsarsa mu aiko masa. Can muka yi lodin doya aka ɗauke mu a kan kayan. Sau biyu motar tana mutuwa a hanya, sau biyu Kailu yana rungume doya ya ce ko sarki ya zo ba ya sauka.

A Yeji ne kewar gida ta kama ni. Motoci sun yi layi suna jiran jirgin ƙetare kogi, abinci duk doya da rogo da manja, cikina ya ƙi su, zazzaɓi ya kwantar da ni a gindin wata rumfa. Ina ta tunanin Inna, ina ganin tana gangara kwari da tulu a shekarunta. Mai rumfar wata dattijuwa ce, Iya Hajo, tana tuyar ƙosai. Ta ji Kailu yana yi mini sannu da irin Hausarmu, ta ce ubanta ma daga arewa ya zo da fatake bai koma ba. Ta shiga gida, can sai na ji lugude. Gero ta samo, ban san daga ina ba, ta yi mini fura ta dama da sauran kindirmon Buba. Na kai ludayi baki sai hawaye, ban ɓoye ba. Kailu don ya ba ni dariya ya kawo mata ƙararmu.

Ta riƙe haɓa ta ce, "Oh ni Hajo! Mai rami, mai mota, mai nagge, duk maza? Wadda ta fara ɗaukar taɓarya ta raba tsaba da dusa fa? Da ba don ita ba da har yau kuna cin gero a tsaye kamar tsuntsaye."

Ina riƙe da ƙwaryar furarta, da wane baki zan yi musu? Kailu ya ce a rubuta ranar, an ka da Arzika.

Kumasi ta ruɗe ni. Ruwa ta ko'ina, ƙorama a bayan gida, famfo a bakin titi, sama ma ba ta san rani ba sosai. Muka sauka a zango gidan wani mai fataucin goro, Maigida Ɗanjuma, mutum mai fara'a da son hira, wanda kakanninsa daga Kano suka zo. Gardamarmu ta biyo mu har zaurensa. Muka shiga dako a kasuwa kamar sauran 'yan arewa, ina ɗauke da kayan mutane ina tambayar duk wanda na ji Hausarsa ta yi kama da tamu. Wani ya ce Nomau ya tafi ramin zinariya, wani ya ce ya mutu, wani ya ci tuwona sau uku yana cewa gobe zai kai ni. Sanyi ya fara ja baya, hankalina ya tashi, don na san abin da ke matsowa a gida.

Ran nan na kai wa wata mata kaya wani ƙauye a bayan gari, cikin gonakin koko. Ina komowa na ga jar ƙasa tsibi a bayan wani gida, da rami. Ɗan gidan masu rijiya ba ya wuce rami bai leƙa ba. Na leƙa. Bakin a zagaye yake kamar an aza faifai an yanka, matakan ƙafa a jikin bango hagu da dama, yadda Baba ke sara su. A ƙasa wani mutum ne tsugune da dagi.

Na ce, "Nomau!"

Ya ɗago. Ya daɗe yana kallona, sa'an nan ya ce, "Wanga baki ko cikin kabari na san shi."

Ya hauro muka rungume juna, jar ƙasa ta ɓata ni, ina kuka ina dariya ina ba shi labarin kowa a lokaci ɗaya. Sai da na lafa na tambaye shi rijiyar wa yake haƙawa kusa da gida haka. Ya yi ƙasa da kai. Ba rijiya ba ce, masai ne. Shekarun nan duk abin da yake yi ke nan, gida gida, don a ƙasar da ruwa ke bin mutane ba mai neman mai rijiya. Ranin farko an cuce shi, ya ji kunyar komawa hannu wofi, ya ce sai baɗi. Yana cikin sai baɗi labarin rasuwar Baba ya iske shi.

Muka zauna gindin koko na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya saurara har na gama, ya girgiza kai.

"Arzika, da wace huska za ni shiga gari? Ɗan mai rijiya, mai ginar masai, ba adaka, ba riga, ban ko ga gawar ubana ba."

Na ce, "Inna ba adaka taka jira ba. Ta ce ko gari ya watse tana nan."

Can ya ce, "To, na ji. In na tahi, wa ka riƙa mini igiya? Baba ya tahi. Ka san ba a ba bare."

Na ce, "Ni."

Nomau ya fashe da dariya, dariyar da na tabbata ya yi shekaru bai yi irinta ba. "Kai? Kai da ko barci kake bakinka na aiki? In ina ƙasa wani ya wuce da jaki hwa?"

Abin ya yi mini zafi don gaskiya ce. Na rantse, na yi alkawari, ya ce rantsuwa ma magana ce. Da ya ga na nace sai ya tambaye ni ko gidan Maigida Ɗanjuma na sauka, na ce i. Ya ce ya ji labarin wasu 'yan Kurfai biyu sun kawo wata gardama zango, har an sa ranar Juma'a za a yanke ta a zauren Maigida, ashe mu ne. Ya ce zai zo. In na zauna a zauren nan daga la'asar har kiran magariba ban ce uffan ba, zai bi ni gida. In kalma ɗaya ta fita, in koma in gaya wa Inna ban gan shi ba.

Na gaya wa Kailu, na roƙe shi don zumunci ya sassauta mini ranar. Ya dafa ƙirji ya ce in bar masa komai. Da na san abin da yake nufi da na ɗaure shi a ɗaki.

Juma'a bayan la'asar zaure ya cika, 'yan dako, masu goro, mahauta, har da wani direba Bayarabe mai jin Hausa. Nomau ya shigo ya zauna bakin ƙofa, ya sa hularsa a gwiwa. Maigida ya fara da iyakar da malamin kamiyo ya sa mana, ya fitar da annabawa da bayin Allah, sa'an nan ya ce a buɗe fage. Mahauci ya ce maƙerin farko, don ba wuƙa ba nama, ba fartanya ba tuwo. Wani tsoho ya ce wanda ya fara ɗanɗana goro ya jure ɗacinsa har ya kai ga zaƙin. Kailu ya kawo mai tatsar Buba da mai taɓaryar Iya Hajo, ya yi musu adalci, aka yi ta dariya. Kowace magana ina da amsarta a kan harshe, amsa mai kyau, ina haɗiye ta kamar ƙaya. Maigida ya dube ni ya ce, "Arzika, yau lafiya? Ina mai rijiyarka?" Na sunkuyar da kai.

Sai Kailu ya miƙe tsaye.

"Ku ƙyale shi, Maigida, ya gane gaskiya na. Mi ag ga ginar rijiya? Gahiya ma tana gina rami, ba mu ji an yi mata kirari ba. Ka duƙa, ka tona, ka tona, in ka gaji ruwa ya hito don kansa. Rami ai rami na. Da rijiya da masai dut ɗaya, sai dai abin da ka ciki."

Jini ya hau mini kai. Na ji kalmomi sun taso tun daga cikina sun cika mini baki. Ɗan ƙanwar babana, wanda ya sha ruwan rijiyar nan tun yana goye! Na cusa gefen rigata a baki na cije. Na tuna Inna da tulu. Na kama igiyar wandona da hannu biyu na riƙe, na kafa ido a ƙasa, gumi na zuba. Kailu bai tsaya ba, ya ce ko kakanmu ma don bai iya noma ba ne ya koma tonon ƙasa.

"Ƙarya kake, ɗan banza!"

Na zabura, na ɗauka ni ne. Na taɓa bakina, riga na ciki. Nomau ne a tsaye bakin ƙofa, hularsa ta faɗi.

"Ka taɓa shiga? Ka taɓa sauka inda sama ka komawa kamar bakin ludayi, numfashi shina yi maka rowa, rairayi na zubo maka bisa wuya, ba ka san ko shi na na ƙarshe ba? Masai ni ka gina shi, na san shi, ka tsaya inda ka ga dama ka hito da ƙahwarka. Rijiya ba ka tsayawa sai ta ba ka, kuma gari guda na bisa kanka suna jira." Ya juyo gare ni. "Kai ma da kake cewa wanda yas soma gina ya hi kowa, ba ka san komi ba. Na ƙasa ko tsoro ya kama shi aiki na ɗebe mai kewa, in ya hito shi a ka yi ma guɗa. Babba shi na wanda yat tsaya sama da igiya. Rana na dukansa, ƙuda na bisa idonsa ba shi kore shi, a zage shi ba shi ramawa, ba wanda ka tuna sunansa. Haka Baba yat tsaya mini tun ina yaro. Ran da kunama tah harbe shi ga ƙahwa igiya ko rawa ba ta yi ba, sai da na hito na gane shi zaune..."

Muryarsa ta karye. Ni hawaye na bin fuskata, ga magana fal cikina, don ina wurin ranar kunamar, ni na kashe ta, kuma ba a ƙafa ta harbe shi ba, a diddige ne. Ban gyara masa ba. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba, sai muka ji ladan.

Maigida ya share ido ya ce, "Wanda ya fi kowa Allah ne ya san shi. Amma yau a zauren nan ba mai ƙara wata magana bayan wannan. Ku tashi mu yi salla."

Nomau ya tako ya tsuguna gabana, ya zare rigar daga bakina, ya ga inda haƙorana suka huda ta. Ya ce, "To, buɗe bakin kada ka mutu."

Na ce, "Ga diddige ta, ba ga ƙahwa ba."

Aka kwashe da dariya har da masu alwala. Kailu kuwa ya ɓuya bayan mahauci yana cewa shi tun farko ba ni yake harbi ba, ya san in ba a taɓa rijiya ba Nomau ba ya motsi. Har yau ban sani ba ko gaskiya ya faɗa ko halinsa ne kawai ya yi mana rana.

Ba mu jira ƙarshen rani ba. Nomau ya tattara abin da yake da shi ya sayi igiya wurin masu jan katako, doguwa mai kauri, irin wadda ba a taɓa gani a Kurfai ba. Kailu ya ce ba ya bari mu koma mu ba da labari ba shi, ya haƙura da adakarsa. Abin da ya samo daga Kurmi duka shi ne ƙahon wata matacciyar mota, na roba, wanda in an matsa yake kuka. 'Yan Kurmin da ba su samo komai ba sukan jira duhu su sulale gida. Mu da rana tsaka muka shiga, Nomau a gaba da igiya naɗe a kai, Kailu a baya yana matsa ƙaho, yara suka fito da gudu suna neman mota. Gidaje biyu sun riga sun tashi, saura suna ɗaure kaya. Inna na zaune ƙofar gida. Ta dubi Nomau, ta dubi igiyar, ta ce, "Ka yi tsaraba." Sa'an nan ta rufe fuska da zane.

Aikin ya ci kwanaki. Samari suka saro itacen kirya, aka sauke itace ɗaya bayan ɗaya, Nomau yana ƙasa yana ɗauri, masu jan ƙasa suna nasu a gefe, ni ina tsaye da igiyar da ke ɗaure a ƙugunsa. Mutanen gari suka mai da ni abin kallo. Wanda ya san ni tun ina yaro sai ya zo ya tsaya nesa ya ga ko da gaske ne. Amma ba wanda ya yi mini magana, don bakin rijiya ba wurin wasa ba ne, Kailu ma sai da ya ba Inna ajiyar ƙahonsa.

Ranar ƙarshe na ji igiya ta yi wani motsi da ban saba ji ba, ja a hankali, sa'an nan girgiza. Na ɗaga wa masu guga kai. Suka ja, ya fito da jiƙaƙƙen rairayi. Suka sake, ya fito da ruwa jawur. Na uku da ya iso baki sai mata suka ɗauki guɗa. Gari ya rikice, ana rungumar juna, ana kiran waɗanda ke gona, ni ban waiwaya ba, don wana yana ƙasa tukuna. Sai da ya hauro, ya dafa itacen baki, ya kwance igiyar daga ƙugunsa da hannunsa, sa'an nan na saki.

Aka kai wa Inna ƙwaryar farko, ta sha, ta miƙa wa Nomau. Kailu ya karɓi tasa ya shanye, ya yi gyatsa, ya juyo gare ni a gaban kowa.

"To, taubashi, igiya ta sauka. Gaya muna, wa ya hi kowa tun da anka yi duniya?"

Jama'a suka yi murmushi, sun san an buɗe mini ƙofa. Na gyara tsayuwa, na buɗe baki. Na dubi tafin hannuna da igiya ta saɓule, na tuna irinsa a hannun Baba, wanda na yi ta gani ina yaro ban taɓa tambayar dalili ba. Na sake buɗe baki, ba abin da ya fito.

Inna ta ajiye ƙwarya ta ce, "Ku bar shi. Ruwa dai mun san za shi komowa in Allah ya so. Amma Arzika a tambaye shi ya yi kurum, wanga ko ubansa bai ga irinsa ba."